Ni Ke Jinyar Baba, Auta Ke Shan Albarka

Anti, don Allah ki taimake ni, kishin ƙanwata na neman kashe ni.

Ni ce babba a gidanmu. Tun rasuwar Mama ni ke kula da Baba: wankinsa, abincinsa, lallaɓa gyambon cikinsa, har maganin ciwon gwiwa ni ke sayo masa, yana sha kamar gyaɗa. Autarmu kuwa sai ta ga dama take leƙowa, ta cika falo da turare ta tafi.

Kwanakin baya ciki ya murɗe Baba. Na ɗauka gyambon ne, na yi ta gasa masa da tawul da ruwan zafi. Ga zazzaɓi, ga amai, ko motsi ba ya so. Sai ga Auta. Ta taɓa cikin ta ji shi kamar katako, ta danna ta saki ya ƙwalla ƙara, ko hula ba ta bari ya sa ba sai asibiti. Bayan hoto da gwajin jini, likita ya ce gyambon ne ya huje, abin da ke ciki ya tsiyaya, tantanin da ya lulluɓe kayan ciki ya kumbura har da mugunya. Aka yi tiyata aka wanke, daga baya aka sallamo shi gida.

To yanzu duk mai zuwa dubiya sai Baba ya ce Auta ce ta cece shi, Auta 'yar albarka. Ni mai zubar da fo, ko sunana! Wallahi in ta yi sallama ƙirjina zafi yake.

Shekaranjiya zazzaɓin ya dawo, ɗinkin yana ɗan ruwa, cikin ya tasa. Ban gaya wa kowa ba. Akwai ragowar magani, so nake wannan karon ya warke a hannuna. Laifi ne?

Babbar ɗiya mai takaici

AMSA

'Yar'uwa, ranar da saƙonki ya iso na tura miki amsa, ina maimaitawa a nan saboda irinki: ki kai Baba asibiti yanzu. Zazzaɓi da kumburi bayan irin wannan aiki na iya nufin mugunya ta sake taruwa. Sai an sake hoto, a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, wataƙila a zuƙe ta. Ragowar maganinki rufe alamun kawai zai yi. Ki kuma nuna wa likita maganin gwiwar nan, irinsa yana cin ciki.

Kishinki kuma na fahimce shi. Kin yi ɗawainiya ba a gode miki ba, akwai ciwo. Amma Auta ba ta ƙwace miki komai ba. Kin saba da ciwon Baba, ita kuwa da sabon ido ta zo. Ki kira ta ku tafi tare, ki raba jinyar da ita, ta ɗanɗana zubar da fo. In ya samu sauƙi, ki zauna ki faɗa masa ke ma kina son jin albarka daga bakinsa. Sai yana raye zai sa miki ita.

Allah ya tashi kafaɗarsa, ya sanyaya miki zuciya.