Ranar da Jonatan Ya Ɗibar wa Kansa

Keita, Oktoba 1999

Yaya Susana,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina Inna da ciwon ƙafarta, ina mutanen Madawa? Ubangiji ya ƙara mana haƙurin rashin ƙanenmu Jonatan.

Wani abu ya hana ni sukuni. Kin san tun rasuwarsa ni ke riƙe a madadinsa da babbar na'urar biro, wato ofishinmu, wadda ke raba wa sauran ordinatoci, kwamfutocin ma'aikata, shafuka. Direkta ya ce in cire shi daga shafin ma'aikata, na cire da hannuna. Washegari Tabawa, sakatariyarmu, ta buɗe tata na'urar ta ƙwala ihu. Ga hoton Jonatan nan a shafin, tsakanina da abokin aikinmu Malam Hamani, da hularsa a karkace, yana murmushi! Tabawa ta rufe gilashin da gyale, ta ce ba ta ƙara taɓawa. Ni da nake yi mata dariya, wallahi sai da na ja da baya.

Sai da na tona na gane. Yaron nan da taurin kai bai yarda na'ura ta yi wa shafuka bayani ba. Ya saita ta yadda kowane shafi ke ɗauke da nasa bayanin a ka, rubutun hannunsa, ita kuwa ta miƙa yadda ta samu. A kan wancan shafin ya rubuta cewa duk na'urar da ta karɓa ta ajiye, kada ta nemi sabo sai ran Nowel, wato Kirsimeti. Ta Tabawa umarninsa take bi har yau.

Sanin dalili bai raba ni da tsoro ba, Yaya. Kullum na wuce sai na ɗaga gyalen.

Ƙanenki,
Ɗanladi

Keita, Disamba 1999

Yaya Susana,

Ina fata kun yi Nowel lafiya. Ki gaishe da Inna, ki ce ta yafe mini rashin zuwa.

Na kasa barinsa shi kaɗai. Bayan sujada na je biro na buɗe shafin a na'urar Tabawa. Na'urar ta yi ɗan gurnaninta, ta ɗauko sabo. Sai ga ni kafaɗa da kafaɗa da Malam Hamani, ko gurbi babu. Ranar jana'iza ban yi kuka irin wannan ba. Hoton na buga a takarda tun kafin ranar, ga shi cikin ambulan, amma a takarda mamaci ne. A gilashin nan kuwa yana bakin aiki.

Ashe yana rubuta ranar nan yana ganin da shi za a kai. A bayanin babu layin da mutum zai sa "in Allah ya kai mu", na duba.

Yanzu sabon shafin na jiran in rubuta masa tawa ranar. Na daɗe zaune, hoton fuskata na kallona. Na rubuta gobe. Goben ma, Yaya, sai da na ce "in Allah ya kai mu" da bakina.

Ku sa ni a addu'a.

Naki,
Ɗanladi