Kujerar da ke Gefenka a Motar Dutse

Zuwa ga inuwata ta tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, tsohona mai gemu kamar audugar da aka kaɗa, Baban yara.

Na san za ka juya takardar nan gaba da baya kana neman wanda ya aiko, kai da ka shekara talatin kana raba wa mutane wasiƙu ba a taɓa miƙo maka taka ba. To ni ce. Ni ɗin nan da ke ɗumama maka ruwan wanka, wadda ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Matar babban ɗanmu ce ke rubutawa, maƙwabciyarmu mai ɗinki kuma tana tsaye a bakin ƙofa kada ka faɗo mana. Na ce su rubuta yadda ya fito daga bakina, ban da gyara, ban da dariya. Dariyar ma suna yi.

Za ka ce me ya kai ni ga takarda alhali ɗakinmu ɗaya? Kunnenka ne, farin watana. Tunda ya yi nauyi, duk maganar da zan yi maka sai na ɗaga murya har mutanen bene su ji, har mai kantin ƙasa ya ce to, yau ma Mama da Baba sun fara. Ina za a yi maganar zuciya da ihu? Jiya dai na daure, na matso kusa da kunnenka na hagu, mai ɗan sauran, na ce maka kishi nake ji. Ka dube ni da tausayi, ka lallaɓa ka miƙe da wannan gwiwar taka, ka buɗe firji ka kawo mini ruwa a kofin shayinka. Ka tsaya a kaina sai da na shanye. Wayyo ni! Shekara arba'in da shida ban taɓa furta kalmar nan ba, ranar da na furta aka ba ni ruwa! Mai ɗinki ta ce a rubuce bambancin kishi da ƙishi ɗan lanƙwasa ne kawai a kan harafin farko. Na ce su buɗe ido su kula. Nawa ba shi da lanƙwasa, Baban yara. A miƙe yake, kamar allura a ƙirjina.

Tafiyar gobe ce ta hana ni sakat. Tun wata guda da ya wuce ƙungiyarku ta tsofaffin ma'aikatan gidan waya ta ce za a ɗauki doguwar mota a kai ku duwatsun nan da nake hangowa ta tagar kicin, kowa da matarsa, a ga ruwan da ke zubowa daga sama, a ci gasasshen kifi a wata rumfa can ƙololuwa, a sayo zuma, a dawo kafin rana ta faɗi. Ka tambaye ni sau uku, sau uku na ce a'a. Ka san ni da tudu. Ko matakalar benen nan sai na riƙe ƙarfe da hannu biyu. Na ɗauka kujerata za ta tafi babu kowa, ka ɗora hularka a kai, ka riƙa kallonta kana tuna ni. Ashe kujera ba ta zama babu kowa!

Shekaranjiya ina laluba aljihun rigarka kafin wanki na tsinci 'yar takarda a ninke. Na san rubutun ba naka ba ne, naka yana kwanciya gefe kamar ciyawar da iska ta bi, wannan kuwa tsaye yake yana yanga. Na ɓoye ta a gwangwanin sukari kwana biyu, ina tsoron a karanta mini, ina tsoron kada a karanta. Yau da safe aka karanta. Daga waccan take, wadda da can take zama bayan gilashi tana sayar da kan sarki, wadda mijinta ya rasu bara, mai tabarau da sarƙa. Wai ƙarfe bakwai, ka zo da maganinka, za ta riƙe maka gefen taga, ita ta zauna kusa.

Wa ya gaya mata kana son gefen taga? Wa ya gaya mata kana shan magani? Ta san wanne ne na safe, fari ko mai ruwan ƙwai? Ta san idan aka kawo maka abinci ni ke fara kai cokali bakina in ji gishirin, tun ranar da likita ya hana? Za ta ɗanɗana maka? In ba ta ɗanɗana ba jininka ya hau a kan dutse, nesa da asibiti. In kuwa ta ɗanɗana, Baban yara, in cokalinka ya shiga bakinta, ni nawa jinin zai hau a nan kicin, a zo a tarar da ni a ƙasa!

Idan ka ga rubutu ya sake kama daga nan, matar ɗanmu ce ta ajiye biro ta rufe fuska, wai kunyar surukinta take ji. Mai ɗinki ta karɓa. Ita ba ta da kunyar kowa.

Ba na cewa matar nan muguwa ce. Ta zo mana gaisuwa da na kwanta ciwo, har da lemo. Amma na gan ku ranar taronku a falon nan. Ta zaro ɗan littafi daga jaka, ta rubuta wani abu ta miƙo maka, ka karanta ka ƙyalƙyale da dariya har haƙorinka na baya ya fito. Wata nawa rabona da jin wannan dariyar? Da ni ke sa ka ita, da bakin nan nawa, ina kwaikwayon maigidanku na ofis. Yanzu bakina yana ta ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗewa, ita kuwa ta zagaya ta shige ta ido. Abin da ke ba ni tsoro ke nan, ya fi dutsen, ya fi lanƙwasar hanya. Ina tsoron ranar da kunnen hagun ma zai rufe, in zama ina gabanka kamar kujera, masu biro su kwashe ka.

Ka tuna, kurciyata ta reshen sama, ka tuna mun taɓa zuwa can? Ina da cikin fari, ka aro babur ɗin abokinka, ka ce sai na ga gari daga sama. Daga lanƙwasa ta biyu na runtse ido na cusa fuska a bayanka. Har muka kai ban buɗe ba. Ka zaunar da ni a kan wani faffaɗan dutse mai ɗumi, ka yanka burodi da kifin gwangwani kana sa mini a hannu, kana faɗa mini abin da ke ƙasa: ga kogi kamar zaren da ya faɗi daga keken ɗinki, ga rufin gidaje kamar ƙwayar shinkafa, ga shaho yana shawagi a ƙarƙashinmu, ƙarƙashinmu fa! Na ce ƙarya kake, tsuntsu ba ya ƙasan mutum. Da yayyafi ya sauko ka lulluɓe ni da rigar aikinka, kai ka jiƙe. Duwatsun nan duk a muryarka na san su. Yanzu sai wata ta je ta tsaya a gefenka da idonta a buɗe, ku kalli abu ɗaya tare, abin da ni ban taɓa yi da kai ba?

A'a. Wallahi a'a.

An ce shugaban ƙungiyarku zai rufe sunaye yau da yamma. Da ka gama karanta wannan, sa takalminka ka tafi wurinsa, ka ce kujerar gefenka tana da mai ita. Waccan ta zauna gaba kusa da direba, ta rubuta masa abin da take so. Zan je. Gabana yana faɗuwa ina faɗar haka, mai ɗinki ma ta ce ko a soke layin, na ce a bar shi. Wataƙila in yi amai a hanya in kunyata ka gaban abokan aikinka. Wataƙila in yi ihu, kai kaɗai ne ba za ka ji ba. Saboda haka ka ba ni hannunka tun daga tasha. In na matsa sau ɗaya, tsoro ne, ka riƙe ni. In na matsa sau biyu, na buɗe ido, ka nuna mini da yatsa. Ban yi alkawarin na biyun ba. Amma kifin, ni zan fara kai shi baki.

Ko a ƙasa ko a sama, ko kana ji ko ba ka ji, taka ce ni har numfashina na ƙarshe, kuma ba na ba da aron gefenka ko na yini ɗaya.

Baƙin tabon da ke ƙasa babban yatsana ne, da tawadar biro aka shafa shi. Shi kaɗai ne ba a rubuta mini ba.

Matarka,
Maman yara