Na Ba Gwaggo Akuya Na Karɓi Dalarta, Yau Ana Ce Mini Macuciya

Assalamu alaikum 'yan wannan gida. Admin a taimaka a ɓoye sunana, garinmu kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kwanakin nan ko tuwo na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa.

Ni matar aure ce a Yammedi ta ƙasar Ƙaraye, asalina kuma 'yar Rogo ce. Ban yi boko mai nisa ba, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida, fita ma ba ta dame ni ba. Abu ɗaya nake so wanda ake yi mini dariya a kai, tara tsofaffin kuɗi. Tun ina yarinya kakata ta ba ni anini da kobo mai huji, daga nan abin ya shiga raina. Yanzu ina da taro, ina da sisi, ina da sule, duk a gwangwanin madara. In na gama aiki sai in zazzage su a tabarma in yi ta kallo, ina tunanin hannayen da suka taɓa riƙe su.

Kuma ba sayen hauka nake yi ba. Kuɗin mai na jari ne da cefane, ba na taɓa shi, ribar ƙuli kaɗai nake warewa. Wanda nake da irinsa ba na ƙarawa ko da araha ne. Ba na saye a waya, sai na riƙe a hannuna, na sake shi a kan dutsen niƙa na saurara, don azurfa amonta yana daɗewa a kunne, na bogi kuwa ƙwal yake yi ya mutu. Abin da ya fi ƙarfina in haƙura.

To akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigidana, tsohuwa ce, mijinta ya rasu, gidanta yana bayan namu. Tana da dala ta azurfa, mai hoton wata mata mai jiki a gefe ɗaya, ɗaya gefen tsuntsu mai kai biyu, tun ta aurenta, da ita take ado a wuya. Bara waccan ta shigo da ƙafarta ta ce, "'Yar nan, wuyana ya wuce ado, akuya nake so in riƙa kiwo, zaman banza ya ishe ni." Raina ya biya ƙwarai, amma ban amsa a ranar ba. Na ba maigida ya kai wa maƙerin azurfa a kasuwar Ƙaraye, ya auna ya faɗi kuɗinta, ya ce ma kunnen da aka liƙa mata na zare ya rage mata daraja a wajen masu tarawa. Kuɗin bai kai na akuya ba. Na gaya wa Gwaggo komai, ta ce ita dai akuya. Na jira har kaka, 'yar akuyata ja ta isa, na miƙa mata a gaban maigida da malamin unguwa, aka yi addu'a. Yanzu ta haifa mata biyu, ku zo ku ga Gwaggo tana hira da su kamar jikoki.

Ana nan sai ɗanta ya dawo daga Kano, bari in kira shi Sale. Mutumin da muke wasa, in ya shigo ya ce "matarmu ina ƙulina", in ce ya biya na bara tukuna. Ashe ya ga bidiyo a waya, wai irin wannan dalar akwai wani sinadari a ciki, wai miliyoyi ake sayenta. Ya faɗo mini gida ko sallama babu, ina tsakiyar matsar mai, ya kira ni macuciya, wai na ga tsohuwa ba ta san komai ba na yi mata wayo da 'yar akuya, wai dama 'yan Rogo haka muke. Ban yi shiru ba, ba zan ɓoye muku ba. Na ce masa ina yake lokacin da uwarsa take zaune ita kaɗai ba mai leƙa ta, sai da ya ji ƙamshin miliyan ya tuna hanyar gida. Na ce ya kawo mutum ɗaya tak da ya sani wanda ya taɓa karɓar miliyoyin nan in gan shi da idona. Ya ce ni jahila ce, me na sani.

Daga nan magana ta zaga gari. Na je suna, na yi sallama, mata suka amsa ciki-ciki, wata har tana cewa a ɗaure ɗankunne da kyau mai sayen kayan tsofaffi ta iso. Masu sayen maina sun ragu, ƙannen maigida sun daina gaishe ni. Malamin da ya shaida ya ce ciniki ya yi, babu zalunci, amma ba wanda ya saurare shi. Abin da ya fi ƙona mini rai maigida ne. Shi ya kai dalar wajen maƙeri da hannunsa, ya san gaskiya, amma wai in mayar a zauna lafiya, shi ba zai rabu da danginsa a kan ƙarfe ba, in na ƙi in san inda zan zauna da gwangwanina.

Na so in mayar ɗin wallahi, in huta. Sai shekaranjiya Gwaggo ta shigo wai aron rariya, ta ja ni ɗaki. Ta ce masu sayen dala da Sale ya samo sun ce sai an biya kuɗin gwaji kafin su duba, Sale kuma ba shi da ko sisi, awakin nan zai kai kasuwa da zarar dala ta shiga hannunsa. Ta riƙe mini hannu ta ce, "'Yar nan kar ki ba shi, ni awakina nake so." Na ce to Gwaggo ki faɗa a gaban mutane mana. Ta ce ɗanta ne, shi zai binne ta, ba za ta kunyata shi ba.

Kun ga inda nake. In na mayar da dala na bar wa Gwaggo awaki, na amsa sunan macuciya ke nan, kuma Sale zai sayar da su ya kai wa 'yan damfara. In na ce an warware ciniki a dawo mini da akuyata da 'ya'yanta, in ajiye mata su a gidana, gari zai ce na ƙwace wa tsohuwa dabbobi. In na riƙe dalata, aurena ne a bakin ƙofa. In kuma na tona abin da ta gaya mini, na ci amanarta.

Juma'ar nan bayan masallaci dangi za su zauna a zaure, an ce in fito da dala. Masu zagi ku zage ni, na saba kwanan nan, amma ku gaya mini me zan riƙo a hannuna in na fito. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin Gwaggo ta bayan katanga tana kiran awakinta su zo su sha ruwan dusa.