Ruwan Tsamin Askale

Litinin, 4 ga Hidar

Yau na buɗe tukunyar kullu karon farko tun rasuwar mijina Gashaw. Funfuna baƙa ƙirin, ga wari. Ersho ɗina ya mutu, ruwan tsamin nan da na zo da shi daga gidan uwata a 'yar ƙwarya ranar da aka kawo ni Debre Tabor. Gida cike da masu zaman makoki, bakin kowa na motsi, amma an rasa mai zuba masa garin tef, hatsinmu, ko cokali ɗaya.

Addu'ar arba'in ɗinsa ta matso. Da me zan toya wa limaman coci injera, faffaɗar wainar tsamin nan tamu?

Laraba, 6 ga Hidar

Sinkinesh, 'yata mai aikin gwajin jini a Bahir Dar, ta iso da iliminta. Wai cikin ersho akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, su ke cin garin su ba shi tsami, tsamin ya hana miyagun ƙwayoyi zama. Na ce, "To, ashe dabbobi nake kiwo a tukunya ban sani ba!"

Ta ce, "Mama, ki karɓo na Inna Askale mana, kusan duk iri ɗaya ne."

Iri ɗaya! Da na maƙwabciyata Askale, wadda injerarta ke fitowa kamar tafin takalmi? Duk zaman makokin nan ita take aiko min, ni kuma kaji nake ba. Kuɗin makaranta dai sun tafi a banza.

Asabar, 9 ga Hidar

Na kwaɓa da ruwa zalla. Shiru. Sanyi ya hana shi tashi. Na gwada ɗaya a tanda, ta fito shafal, babu ido ko ɗaya, 'yan ramukan nan na samanta, ga wani ɗoyi. Sinkinesh ta ce miyagun sun riga na kirkin shiga. Na ce ta fitar min daga madafa, ita da su.

Lahadi, 10 ga Hidar

Daga coci sai ga Askale, ko sallamar kirki babu, da kwalba a ƙarƙashin mayafi. Lallai yarinyar nan ce ta kai gulma.

"Maman Sinkinesh, ga shi. In kin ga dama ki ba kajin naki, na ga suna son abincina."

Ashe tana gani ta katanga. Na ce ta ajiye a ƙasa. Ta ce, "Ba don ke na kawo ba. Gashaw ne ya ɗauki mijina a baya har asibiti."

Na shinshina bayan ta fita. Ba laifi. Na zuba, tunda ba ni da wani.

Laraba, 13 ga Hidar

Kullu ya taso, yana ta ƙus-ƙus kamar masu gulma. Injera ta farko idanu ko'ina. Hannuna ne, ba ruwanta ba.

Da hantsi bayana ya riƙe, na kasa sunkuyo. Askale ta karɓi tanda ba ta tambaye ni ba. Zubinta har yanzu irin na mai dama fura da ƙafa. Ta toya har yamma, hayaƙi na sa ta hawaye.

Alhamis, 14 ga Hidar

An yi arba'in. Kowa ya ci. Yayar Gashaw ta ce min, "Tiruwork, tsamin gidan uwarki ba ya ɓuya." Askale na gefe tana wanke kwanuka, ko kai ba ta ɗaga ba. Ni kuma na karɓi yabon.

Da aka watse na zauna a kujerar Gashaw na yi kukan da ban samu yi ba.

Talata, 19 ga Hidar

Sinkinesh ta koma. Gidan shiru, ni kaɗai sai tukunya.

Na soya kofi da la'asar, na ga na fito da finjali biyu. Ba wani abu ba ne, ƙamshin yana tsallaka katanga, kada ta ce ina rowa. Ta zo. Surutu kamar rediyo, kuma gishiri take sa wa kofi, ƙauyanci.

Gobe in tuna in ajiye gishirin kusa.