Kebul ɗin da Maigida Ya Ja da Hannunsa

Goggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya ƙulle. Na san matsalar aure da ta 'ya'ya aka saba kawo miki, to tawa ta kwamfuta ce, kada ki yi mini dariya.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, gyaran rediyo da talabijin ne sana'arsa har tsufa. Bara ya rasu. Lokacin da Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ta yi aure mijinta ya tafi da ita ƙasa mai nisa, maigidan nawa ne ya sayo kwamfuta ya kafa a ɗan ɗakin aikinsa don mu riƙa ganinta. Akwatin intanet kuwa a falo yake. Da hannunsa ya ja wani kebul shuɗi tun daga falo, ya bi da shi gindin bango yana kafe shi da 'yan ƙusoshi, ya shigar da shi ta ƙasan ƙofar ɗakin. Ni na riƙe masa gwangwanin ƙusa ranar, yana ta mita wai lanƙwasassu nake miƙo masa. Mutumin nan bai yarda da intanet mai yawo a iska ba sam. Cewa yake duk abin da ba zai bi da yatsa ya gano inda ya lalace ba, babu ruwansa da shi.

Duk ƙarshen mako sai mu zauna gaban allon mu biyu. Ya sa tabarau, ya gyara hula kamar mai zuwa gaida surukai. Ni in yi ta ɗaga murya, shi yana zungurina wai ba ta kan katanga nake kiranta ba, Auta tana can tana sheƙa dariya. Kai, mun ji daɗin zaman nan! Ƙofar ɗakin ban taɓa ganinta a rufe ba. Da wani mataccen batirin mota ya tokare ta, wai yana so ya riƙa jin motsin gida.

Bayan rasuwarsa na kasa jure ganin kujerarsa duk lokacin da na gifta. Na sa aka janye batirin na riƙa rufe ƙofar. Da ƙyar take rufuwa, sai na sa kafaɗa na danna. Kullum ina shiga in share in goge, har yanzu ƙamshin dalmarsa yana nan, in fito in sake dannawa. Ana nan sai hirarmu da Auta ta fara yankewa, fuskarta ta daskare baki buɗe. Yanzu ɗif, babu intanet a kwamfutar ko kaɗan, alhali wayoyin hannu na gidan suna samu daga akwatin falo lafiya ƙalau. Na kashe na kunna har na gaji.

Babban ɗana, Babba muke ce masa, ya zo ya duba a tsaitsaye, ko zama bai yi ba. Wai kwamfutar ta tsufa, zai ɓamɓare kebul ɗin ya kawo mini sabuwa mara igiya. Wallahi ban san lokacin da na rufe shi da faɗa ba. Ya tafi ransa a ɓace, ni ma na wuni ina kuka. Yana da gaskiya ko ba shi da ita, aikin hannun ubansa ne zai tsinke kamar igiyar shanya.

Ga abin da ya fi damuna. Auta cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, kuma na fari ne. Idona ya yi yana, a wayar hannu ba na ganin komai sai inuwa, shi ya sa ko ta kira da hoto nake ƙin ɗagawa, takaici yake ba ni. A allon ubanta kawai nake ganin fuskarta sosai. Ina so in gan ta kafin ta durƙusa. Yaya zan yi?

Daga Matar Mai Gyaran Rediyo

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida. Ba zan yi miki dariya ba, amma zan gaya miki wanda nake zargi: ƙofar nan.

Tunda wayoyin gidan suna samu, akwatin falo lafiyarsa lau, kamfani ma ba shi da laifi. Matsalar tana tsakanin akwatin da kwamfutar. Maigida ya bi da kebul ta ƙasan ƙofa ne saboda ya san ba a rufe ta. Abin da kike dannawa da kafaɗa, ina kyautata zaton kebul ɗin ne. Siraran wayoyi ne a cikinsa, ba sa jure matsa, shi ya sa hoton ya fara da yankewa kafin ya ɗauke.

Ki buɗe ƙofar ki shafa kebul ɗin a daidai wurin. In kin ji ya baje ko ya tsage, an kama ɓarawo. Sannan a zare kansa a bayan kwamfuta da bayan akwatin, a mayar har a ji ya yi ƙas. Akwai 'yar fitila a bakin ramin da yake shiga. In ba ta kama ba, saƙo ba ya wucewa. A gwada wani ramin a jikin akwatin. Gwaji na ƙarshe, a aro gajeren kebul, a ɗauko kwamfutar zuwa falo a haɗa. In ta kama, tsufanta ba laifi ba ne. In ta ƙi, to ita ce ke son mai gyara.

Kuma ba sai an ɓamɓare komai ba. Masu wannan aiki suna yanke inda ya lalace su haɗa da ɗan mahaɗi, sauran ya zauna a kan ƙusoshinsa. A huda gefen bango a bi da shi, ko kuma ki daure ki bar ƙofar a buɗe. Wannan ke za ki zaɓa, ba zan matsa miki ba.

Batun Babba, ya yi garaje, bai kamata ya yanke hukunci a tsaye ba. Amma ke ma ki duba: so yake ki ga ƙanwarsa da wuri, kuma shi ma uba ya rasa. Wataƙila zaman ɗakin ne ya gagare shi. Ki kira shi yau, ki sa shi ya yi waɗannan gwaje-gwajen da kansa.

Saura guda, kuma ita ce babba. Kada ki jira gyara. In Auta ta kira da hoto a wayar hannu, ki ɗaga. Ke ce ba kya ganinta, ita tana ganinki tar, kuma yarinya mai cikin fari a ƙasar da ba ta da kowa, fuskar uwarta take nema. Allah ya sauke ta lafiya, ya nuna miki jikanki da idonki.

Goggo