Hannun Hagun da Ɗana Ya Ɗaga Mini

Gaisuwa gare ku masu sauraron wannan shiri, cikin sunan Ubangiji. Don Allah ku ba ni shawara, amma a ɓoye sunana. Ban yi boko ba, ni ke faɗa, wata ke rubutawa.

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye kusa da Kafanchan, jikokina shida. Ɗana na fari, tun da aka gama yaƙi yake aiki a filin jirgin sama, a wani ɗaki mai gilashi can bisa, shi ke gaya wa matuƙa ta oba-oba su sauka ko su dakata.

Da daminar nan babansa ya kwanta ciwo, ya ce in je da ƙafata in kira shi. Na hau jirgin ƙasa, na isa a jiƙe, na yi ta roƙo har aka haura da ni. Na ce sannu da aiki ɗana. Jama'a, yaron da na goya, ya gan ni sarai, ya ɗaga mini hannu, hannun hagu, wai in yi shiru! Wani abu a kunnensa kamar ƙoƙo biyu, yana ta Turanci, ya faɗa, wata murya ta maimaita, ya sake faɗa. Baƙon da ke sama ana amsa masa, uwar da ke tsaye ko oho. Masinja ya ja ni waje, wai in ba shi saƙon ya kai. A wurinmu saƙo irin wannan sai an zauna an sha ruwa, ba a sa shi a bakin bare. Na ɗaure zanena na koma tasha.

A gida na ce wa dangi na faɗa masa, ya ce aiki ya fi. Kwana biyu, tsohon ya cika yana kallon ƙofa.

Ɗana ya zo bayan an binne, ya durƙusa, ya ce jirgin da yake wa magana ran nan, mai ya kusa ƙare masa, hadari ya rufe filin, matuƙi ba ya ganin ƙasa, muryar ɗan nawa kawai yake bi. Wai da jirgin ya sauka ya fito da gudu nemana har bakin titi. To na ji, Allah ya raya mutanen. Amma da ya ce mini Mama zauna a lokacin, harshensa zai guntule ne?

Yanzu dattawa za su zauna ran Asabar su hana shi da 'ya'yansa taka gidan ubansa, a kan maganata. Sun tambaye shi sau biyu ko saƙo ya same shi, ya sunkuyar da kai, ya ƙi cewa uwarsa ta yi ƙarya.

Haushinsa bai sake ni ba, wannan shirun nasa ma ya fi hannun ƙona mini rai. Ku gaya mini, da furfurata in tashi gaban maza in ce ni na hana tsohon ganin ɗansa? Ko in bar ɗan nawa ya ɗauki laifin, tunda ya iya shiru?