Makullin Gidan Dunoma

Babura, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zaituna da yara. Tunda ka daina ɗaukar wayata, na sa 'yata Bilqis ta rubuta wannan, direban Kazaure zai kawo maka. Takarda dai ba a kashe ta yadda kake kashe waya.

Mai gidan da muke haya ya ba mu zuwa ƙarshen wata, ɗansa zai yi aure. Ni da yara biyar ba mu san inda za mu nufa ba, ga damina ta kama. Alhali gidanmu na Kazaure, wanda ka gina da hannunka, yana nan tsaye a kulle, har fenti an yi masa. An ce makullin yana rataye a wuyanka kamar laya.

Na san mijina Dunoma bai cika maka kuɗin aikinka ba. Amma shi kake bi, ba ni ba. Ni na goye ka lokacin da Inna ke kai nono kasuwar Roni, fitsarin da ka yi mini a baya kuwa ba ya ƙirguwa. Ka aiko mini da makullin nan. In Dunoma ya dawo daga Magarya ta Nijar, sai ku zauna ku yi lissafinku na maza.

Ka gaishe da mutanen gida.

Yayarka,
Tasalla

Kazaure, ranar Laraba

Adda,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida yara. Wallahi ba raini ya hana ni ɗaukar waya ba. Na san in na ji muryarki zan ce to, kuma wannan to ɗin ita za ta kai mu ƙasa.

Da za a fara ginin, Dunoma ya ba ni rabin kuɗi, ya ce in ƙarasa zai cika. Muka je gaban mai unguwa aka rubuta takarda da shaidu uku. Makulli zai zauna a hannun magini har a biya shi, kuma ba za a sayar da gidan ba sai da saninsa. Sai dai akwai layi ɗaya a ƙasa, wanda dama haka maginan garin nan suke yi: ranar da magini ya miƙa makulli, ya shaida an sallame shi ke nan. Bayan nan babu wanda zai saurare ni. Ba a rubuta cewa ban da yayarsa ba.

Saura miliyan uku da dubu ɗari huɗu, kuma mafi yawa na Alhaji Jalaluddeen ne mai sayar da kayan gini. Ga abin da na ɓoye miki. Siminti da rodi da kwanon rufi ba don kyan fuskata ya ba ni su ba. Takardar gonar Baba ta Roni na ajiye masa, har da rabonki a ciki. Ban nemi izininki ba, na ɗauka zancen wata biyu ne. Ki yafe mini. Alhaji yana haƙuri ne kawai don ya san gidan na hannuna. Ranar da ya ji makulli ya fita, gona ta tafi, kuma kin san daga ita Inna take ci.

An kira ni wani aiki a Gwiwa, na kasa tafiya. Sau biyu ƙannen Dunoma suna zuwa da guduma za su fasa kwaɗon ƙofar. Kullum ina zaune a ƙofar gidan da ba nawa ba, ina gadin bashi. Na gaji, Adda.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Sama'ilu

Babura, ranar Lahadi

Sama'ilu,

Sallama da gaisuwa. Sau uku na sa aka karanta mini takardarka. Na zage ka, na yi kuka, kwana biyu ban sa komai a bakina ba. Gonar Baba, Sama'ilu, ka ɗauka ka ajiye a shago kamar agogo.

To amma ni ma ban gaya maka gaskiya ba. Dunoma ba zai dawo bana ba. Shanu ya ɗauka bashi da sefa, kuɗin Nijar, sefa ta tashi, bashin ya ninka. Masu shanun sun karɓe babur ɗinsa sun riƙe shi a can, yanzu kiwo yake yi musu. Kunya ta sa nake ce wa mutane yana fatauci. Da ka biye mini ka aiko da makullin, da ni da kai mun kashe Inna da ranta.

Don haka kada ka ba ni, ko da na zo ina birgima a gabanka. Ranar Asabar za a fitar mana da kaya. Ɗakin Inna ɗaya ne, ba zai ɗauke mu ba, dangin Dunoma kuwa kowa ya yi shiru. Ba roƙonka nake yi ba. Ba ni da wanda zan gaya wa ne sai kai.

Allah ya yi mana mafita.

Tasalla

Kazaure, ranar Talata

Adda,

Ina gaisuwa. Na koma wurin mai unguwa, ya duba takardar da kyau. Ya ce ta hana miƙa makulli, amma ba ta hana buɗe ƙofa ba.

Ku taho ranar Asabar. Zan shimfiɗa tabarma a zaure. Ni zan buɗe muku da safe, ni zan kulle da dare. Ko Bilqis ba zan ba ta makullin ta riƙe mini ba, ko da zan shiga alwala ne, don idon Alhaji yana kan ƙofar. Aikin Gwiwa an ba wani. Shukar bana kuma Zaituna za ta nemi wanda zai yi mana.

Ban san ranar da zan tashi daga zauren nan ba. In za ki fita unguwa, ki riƙa gaya mini da wuri.

Allah ya kawo ku lafiya.

Sama'ilu